Kwalbar da Ke Cewa Huɗu

Likita ce ta fara cewa akwai magana a mutuwar Malam Digiri. An kawo shi asibiti a sume, suga ya yi masa yawa a jini har na'urar gwaji ta ƙi nuna lamba, kuma bai farfaɗo ba. Autarsa ta rantse ba ta taɓa tsallake masa allura ba. Likitar ta karɓi kwalbar insulin ɗin da aka zo da ita daga gida, ta ɗaga ta saitin taga, ta ga wasu 'yan gudaji fari-fari suna yawo a ciki. Ta aika da ita ɗakin gwaji. Amsa ta dawo bayan an binne dattijon: maganin ya riga mara lafiyan mutuwa. Makonni aka yi ana tsira masa abin da bai fi ruwan famfo amfani ba.

Ƙanin marigayin, wanda duk gidan ke kira Baffa, bai jira an naɗe tabarmin gaisuwa ba ya kai ƙara ofishin 'yan sanda. Ya ce Auta ce. Shugaban ofis, mutum ne mai son magana ta ƙare da wuri, ya miƙa wa Sufeto aikin, ya ce in mako ya fita babu wani sabon abu, a kai yarinyar kotu.

Sufeto ya karɓa ba da son ransa ba. Marigayin ne ya koya masa fiziks a sakandare, ko dai a ce ya yi iya ƙoƙarinsa. Ɗalibai ne suka laƙaba masa Malam Digiri, domin in ka kuskura ka ce yau ana zafi, sai ya dube ka ta saman tabarau ya ce, "Digiri nawa?" Ya taɓa gaya wa Sufeto a gaban aji cewa kansa irin na tukunyar ƙasa ne, zafin ilimi ba ya ratsa shi da wuri. Ajin ya yi dariya. Sufeto ya girma, ya yi tumbi, ya samu anini a kafaɗa, amma maganar tana nan inda aka ajiye ta.

Da mai kemis ya fara, wanda ke sayar wa gidan da magani.

"Dakta," in ji Sufeto, domin haka unguwar ke kiransa, ba tare da wata jami'a ta sa hannu ba, "an ce mataccen magani ka sayar."

"Yallaɓai, Allah ya kiyaye! Buɗe firijina ka gani."

"Na gani. Yau yana aiki, tunda ka san zan zo."

"To ka tambayi sauran masu saye. Kwali ɗaya na buɗe, daga ciki Malam ya samu nasa, daga ciki mai walda na bakin kasuwa ya samu, har da surukata. Da maganin ya lalace a hannuna, da yanzu matata na zaman makoki ni ina ɓoye murna."

Sufeto ya bi mutanen ɗaya bayan ɗaya. Mai walda yana nan da ransa yana zagin yaran shagonsa. Surukar ma lafiyarta ƙalau. Maganin ya bar kemis da ƙarfinsa. A gidan Malam ya mutu.

Gidan ɗakuna uku ne da falo. Baffa yana zaune a ɗakin da ke bakin ƙofa tun da matarsa ta gudu, kuma a nan ya tarbi Sufeto da bayani a shirye.

"Yarinyar nan ta gaji, Sufeto. Makarantar jinya ta ba ta gurbi, ta ajiye saboda shi. Wanda zai aure ta ya jira ya jira, ya auri wata. Tunda idon yayana ya mutu ita ce ɗaga shi, ita ce kwantar da shi. Ai mutum ba dutse ba ne."

"Ka ga ta yi wani abu?"

"Ba sai na gani ba. Wa ke taɓa maganin in ba ita ba?"

"An ce kana zare wayar firiji ka jona dutsen guga."

Baffa ya yi tari. "Sau ɗaya na yi, bara. Yayana ya ji shirun injin daga ɗakinsa, ya wanke ni tas a gaban baƙi. Tun daga ranar gawayi nake sa wa guga." Ya nuna tsohon dutsen gugar da ke gindin gado, toka har baki. Ban da haka, fita yake tun safe zuwa tashar mota inda yake rubuta sunan fasinja, sai magariba ya dawo, kuma duk tashar ta shaida, domin muryarsa ba ta ɓuya.

Auta tana falo, kusa da kujerar mahaifinta da ba wanda ya sake zama a kai. Siririya ce, idanunta sun faɗa. A kusurwa firijin yake, tsoho mai ƙofa ɗaya, yana gurnani. Mahaifiyarta, wadda suke kira Umma, tana zaune a ƙofar ɗakinta da carbi, ba ta ɗago ba sai da ta amsa gaisuwa.

"Gaya mini yadda kike yi," in ji Sufeto.

"Baba ne ya tsara komai, Yallaɓai. Firijin nan na magani ne kawai, ko ruwan sha ba a sa wa. Safe da yamma ake buɗe shi, ni ke buɗewa. Gorunan ruwan da ke ciki ba na sha ba ne, ya ce suna riƙe sanyi in an ɗauke wuta. Ga ma'aunin zafinsa, wanda ya taho da shi daga makaranta. Ya tsoma shi a 'yar kwalbar ruwa, ya ce iska tana canzawa da an buɗe ƙofa, amma ruwan kwalba zai nuna abin da maganin ke ji. Ya ɗaura jan zare a kan huɗu. Kullum in na buɗe sai in karanta masa da ƙarfi."

"Yana cewa me?"

"Ya ce, 'Digiri nawa?' In ce huɗu. Ya ce, 'To, yi aikinki.'"

"Bai taɓa wuce huɗu ba?"

"Wani lokaci biyar. Bai taɓa kai shida ba." Ta dubi hannuwanta. "Shi ya sa na san ni ce. Firiji lafiyarsa lau, mai kemis lafiyarsa lau. Ƙila na bar kwalbar a waje na manta. Ƙila na riƙe ta a hannu ta daɗe. Na yi ta tunani ban tuna ba. Amma in ba ni ba, wa?"

Sufeto ya yi shekaru yana jin masu laifi suna cewa ba su ba ne. Bai saba da wanda ke roƙon a yarda shi ne ba.

"Da rana kina ina?"

"Ina koyar da ƙananan yara a makarantar bayan layi. Sai la'asar nake dawowa."

Ya karɓi sauran kwalaben maganin ya juya su a tafinsa. Takardar da ke manne a jikin kowacce ta yamutse, rubutun ya dushe, kamar wadda aka jiƙa ta bushe, aka sake jiƙawa. Ya shafa hawan tsakiya na firijin inda ake ajiye su. A bushe yake.

"Har yanzu kina buɗewa?"

Baffa ne ya amsa daga bakin ƙofa. "Safe da yamma. Ta karanta wa kujera. Kai ma ka san wannan ba lafiya ba ne."

Sufeto ya ce zai dawo da yamma. Daga nan ya wuce tsohuwar makarantarsa, inda bai sake takawa ba tun ranar da ya karɓi sakamako ya cusa a aljihu. Ɗakin gwajin yana nan da warinsa. Ya ari ma'aunin zafi daga sabon malamin fiziks, ya tsaya ɗan jim a gaban allon. A nan marigayin ya taɓa jera kofuna, ya ce da su, "Ma'aunin zafi ba boka ba ne. Ba ya sanin zafin kowa sai nasa. Ka haɗa shi da abu, ka ba su lokaci, mai zafi ya ba mai sanyi har su zo daidai, sannan ka karanta. Duk abubuwan da suka daɗe tare a wuri guda a rufe, zafinsu ɗaya ne, ko ƙarfe ne ko katako." Sufeto ya yi mamakin samun wannan a kansa. Ashe tukunyar ƙasa tana ɗauka, jinkiri ne da ita.

Ya koma gidan rana ta yi sanyi. Auta ta buɗe firijin a lokacinta, ta sunkuya, ta ce, "Huɗu," murya ƙasa-ƙasa, fuskarta wajen kujerar.

"Dakata, kar ki rufe."

Ya tsoma nasa ma'aunin a cikin 'yar kwalbar, kusa da na Malam, ya jira. Jan layin ya sauko ya tsaya daidai da ɗan'uwansa. Ma'aunin marigayin bai lalace ba. Sai ya buɗe gorar ruwan da ke gefen kwalbar, kafaɗa da kafaɗa a hawa ɗaya, ya tsoma a ciki. Layin ya hau, ya hau, ya wuce goma, ya tsaya a sha tara.

"Karanta," ya ce da Auta.

Ta karanta. Ta sake karantawa. "Yallaɓai, ba zai yiwu ba. Wuri ɗaya suke."

"Yanzu wuri ɗaya suke."

Ya rufe firijin, ya jawo kujerar roba ya zauna a gabansa kamar mai gadi. Baffa ya leƙo ya tambaya ko sabon salon bincike ne. Sufeto ya ce eh, daga waje aka kawo shi. Ba wanda ya yi dariya. Yana zaune yana sauraron injin, sai ya lura da wani abu: bai taɓa tsayawa ba. Firiji mai lafiya yakan yi aiki, ya huta, ya sake tashi. Wannan gurnani kawai yake ba numfasawa. Ya zura hannu baya ya taɓa ragar ƙarfen da ya kamata ta yi ɗumi. Ba ta da bambanci da bangon ɗakin.

Da aka jima ya sake buɗewa. Ma'aunin Malam ya bar jan zaren a ƙasa, ya haye sha ɗaya.

"Abin da ya yini a cikin firiji ba ya fara ɗumama don an bar shi a cikin firijin," in ji Sufeto. "Kwalbar nan ba a nan ta yini ba. Daga wani wuri mai sanyi aka dawo da ita kafin ki shigo."

Ya ja murfin ɗan akwatin ƙanƙara na sama. Babu farin ɓurɓushin ƙanƙarar da firiji ke yi wa bangonsa. Wani ƙaton dunƙulen ƙanƙara ne zaune a ciki yana zufa, ƙasansa da shatin kullin leda. A can ciki, jikin bangon ƙarfen, ga wani ɗan tsagi siriri, iya faɗin tsinin wuƙa.

Ya yi sallama ya fita. Carbin Umma ya daina motsi tun ɗazu, kuma ya ga hakan.

Washegari ya ɗauko mai gyaran firiji, wanda ya duba tsagin ya ce gas ya daɗe da tsiyayewa, injin banza yake juyawa. "Wuƙa ce, Yallaɓai. Rabin abincina daga wuƙar mata yake fitowa." Mai ƙanƙarar bakin titi kuwa ba ta sha wahalar tunawa ba. "Matar Malam? Kullum da hantsi, da kanta, da kular zuba ƙanƙara ƙarƙashin mayafi, wani lokacin ta dawo da rana. Ta ce mai ƙarfi take so, ta ƙasan injin, wadda ke manne wa yatsa. Na ɗauka mai gidan ne ke son ruwan sanyi."

Sufeto ya samu Umma a inda ya bar ta. Ya durƙusa ya gaishe ta kamar yadda zai gaishe da tasa uwar. Auta tana tsaye jikin bango, Baffa a bakin ƙofa.

"Umma, zan faɗi abin da na gani. Inda na yi kuskure ki gyara mini."

Ta damƙe carbin a tafinta.

"Ƙanƙara ta taru a akwatin sama har murfin ya ƙi rufuwa. Kika ɗauko wuƙa don ki kankare. Wuƙar ta huda bututu, firijin ya mutu, amma fitilarsa na kamawa, injinsa na ƙara, don haka Malam bai ji komai ba. Ba ki faɗa ba. Kika riƙa sayo ƙanƙara kina sa wa a sama, iska mai sanyi ta riƙa bugun fuskar duk wanda ya buɗe. Kafin Auta ta zo, sai ki ɗora 'yar kwalbar a kan ƙanƙarar har jan layin ya sauko kan zare, ki mayar da ita wurinta. Da asuba tana barci, da rana kuma daga ke sai Malam a gidan, shi kuma ba ya gani."

Baffa ya buɗe baki. Sufeto ya ɗaga masa hannu ba tare da ya waiwaya ba.

"Abu ɗaya ya rage. Ɗumin sha tara ba zai kashe maganin nan cikin 'yan makonni ba, likita ta tabbatar mini. Da kin bar shi a hawan tsakiya, da ya yi aikinsa. Amma takardun jikin kwalaben sun jiƙe."

Umma ta ajiye carbin a cinyarta.

"Sanyi aka ce yana so. Na ba shi sanyi. A kan ƙanƙarar nake kwantar da su, in lulluɓe da wata, har su yi tauri. In lokacinta ya kusa, in ɗumama su a hannuna su narke, in mayar." Ta dubi Sufeto. "Na ɗauka na fi firijin kula da su."

"Daskarewa ke kashe shi, Umma. Ko sau ɗaya ne."

Ta gyaɗa kai a hankali, kamar wadda aka gaya wa farashin abin da ta riga ta saya.

"Me ya sa ba ki faɗa ba?" Auta ce ta tambaya. Tun shigowar Sufeto sai yanzu ta yi magana.

"Ya hana a taɓa firijin. Ya ce ni musamman." Umma ta goge bakinta da gefen mayafi. "Ranar na ji iskar tana fita, na tsaya da wuƙa a hannu. Daga ɗaki ya ce, 'Mene ne wannan?' Na ce buta ce. Na ce gobe zan gaya masa. Kin san bakinsa. Ba zagi zai yi ba, da zagi ne da sauƙi. Bayani zai yi mini, a hankali, a gabanku, kamar yadda ya yi ta yi mini tun ina amarya. Goben ta yi ta zuwa ina ɗagawa."

"Wa ya koya miki dabarar kwalbar?" in ji Sufeto.

"Shi. Ba ni yake koya wa ba, yaran da ke zuwa darasi falon nan yake koya wa, ni ina kicin ina ji. Ya ce abin ba ya sanin zafin kowa sai nasa."

Sufeto ya sunkuyar da kai. Ɗalibai sun shige ta hannun Malam Digiri aji bayan aji, yawancinsu sun fita da abin da suka shiga da shi. Wadda ta riƙe darasin da kyau ba ta taɓa zama a benci ba, kuma rabinsa kawai ya iso kicin.

"Bayan ya rasu fa? Me ya sa kika ci gaba?" ya tambaya.

"Tana buɗewa tana karanta masa." Umma ta dubi 'yarta a karon farko. "In ta buɗe ta ga wata lamba, sai ta sani. Na ce gara ta ga huɗu."

"Ina kwana ina cewa ni na kashe shi, Umma. Kina jin kukana ta bango."

"Ina ji."

"Aka ce za a kai ni kotu."

"Da na bi ki. Na rantse da na faɗa a can." Ta sake ɗaukar carbin. "Haka nake ce wa kaina."

Baffa ya zame daga bakin ƙofa ba sallama, ya shige ɗakinsa. Da rana zai je ya janye ƙararsa, ya kuma gaya wa 'yan tasha cewa shi tun farko bai yarda da zargin ba.

Sufeto ya miƙe, gwiwoyinsa suna ƙara. Ya san abin da zai rubuta: firiji ya mutu, wuƙa ta huda shi, magani ya daskare, babu niyyar kisa, babu laifin komai a kan Auta. Sauran kuma na lauyan gwamnati ne, kuma bai taɓa ganin lauyan da ke ɗokin tsayar da tsohuwa mai makoki gaban alƙali ba. An ba shi aikin wanke yarinya, ya wanke ta. Bai ji kamar wanda ya yi abin kirki ba.

"Ba ke ba ce," ya ce da Auta. "Allurarki daidai take, karatunki daidai yake. Abin da aka ajiye miki kika karanta."

Ta taka zuwa kusurwa, ta sunkuya, ta zare wayar firijin daga bango. Gurnanin da ya cika gidan makonni ya ɗauke, sai ga ƙarar ɗigar ruwa daga akwatin sama. Ta fito da 'yar kwalbar ta ajiye a kan tebur kusa da kujerar mahaifinta. Jan layin ya fara hawa a hankali. Ba ta karanta wa kowa ba.

Ta daɗe a tsaye. Sannan ta je ta zauna a kan tabarmar da Umma take, can ɗaya gefen, ba ta dube ta ba, ba ta taɓa ta ba. Tsakaninsu akwai wurin zaman mutum guda.

Sufeto ya ɗauki hularsa da ma'aunin da ya aro. Daga bakin ƙofa ya waiwaya sau ɗaya. Malam ya ce a haɗa su wuri guda a ba su lokaci. Bai faɗi tsawon lokacin ba, ko kuwa ya faɗa ranar da Sufeto ya tsallake katanga ya tafi ƙwallo.